Agogon Nutso Mai Batir Ya Kori Sauran Agogunana: Na Koma Baya Ne?

Tambaya: Shekara shida ke nan ina tara agogon hannu, yanzu ina da guda tara. Takwas daga ciki masu sifirin ne, wasu otomatik masu wana kansu da motsin hannu, wasu na wanawa da hannu, har da wanda na gada daga mahaifina. Bara na sayi Citizen Promaster irin na masu nutso a teku, mai caji da haske, don kawai in riƙa ɗaurawa ranar aiki ko tafiya, sai ga shi yau wata takwas ban cire shi ba, sauran suna kwance a akwati. Abokaina masu wannan sha'awa suna cewa agogon batir ba shi da rai, wai na koma baya. Gaskiya ne? In sayar da sauran? Kuma yaya zan kula da wannan ɗin?

Amsa: Malam, ba ka koma baya ba, kuma abin da ya same ka ya sami mutane da yawa da suka riga ka shiga wannan harka. Na haura shekara ashirin ina buɗe cikin agogo ina gyarawa, ina kuma tara nawa daidai ƙarfina, kuma abin da na sha gani shi ne mai tara agogo yakan fara da sayen abin da ya ji ana yabo, daga baya hannunsa ya zaɓar masa wanda zai zauna da shi ba tare da ya nemi shawararsa ba. Wata takwas ɗin da ka ambata ya fi ra'ayin kowane aboki nauyi, domin kowace safiya akwatin yana gabanka, babu mai tilasta maka, kai da kanka kake miƙa hannu ga guda ɗaya. Abin da ya rage shi ne ka san dalilin da ya sa haka ta faru, ka kuma san inda maganar rashin rai ta samo asali, saboda tana da tarihi, kuma rabin tarihin nan na kasuwa ne.

Bari mu fara da abin da ke cikin agogon. Mai sifirin yana tara ƙarfinsa ne a wani siririn ƙarfe da aka naɗe, wanda yake warwarewa a hankali yana tura jerin giyoyi, sannan wata 'yar ƙaramar ƙafa mai lilo tana kai da komo tana rarraba wannan ƙarfi daidai da daidai. A yawancin agogunan zamani tana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau takwas a sakan ɗaya, wasu kuma sau 21,600. Duk abin da ya taɓa wannan lilo ya taɓa lokaci: yadda ka kwantar da agogon da dare, zafi ko sanyi, bushewar mai, faɗuwa ƙasa, ko kusantar mayen ƙarfe irin na lasifika da murfin jakar waya. Shi kuwa wanda ake rubuta wa Quartz a fuska, a cikinsa akwai ɗan ƙanƙanen yanki na wani dutse mai sheƙi kamar ƙanƙara, kwats, wanda aka yanka shi da baki biyu. Tun 1880 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa irin wannan dutse yana fitar da lantarki idan aka matsa shi, daga baya aka tabbatar cewa yana motsi idan aka ba shi lantarki. A agogonka yana karkarwa sau 32,768 a sakan ɗaya, kuma ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba: idan ka yi ta raba shi biyu har sau goma sha biyar, ɗaya zai rage. Aikin da ɗan sakit ɗin lantarkin da ke ciki yake yi ke nan, yana rabawa har ya sami bugu ɗaya a sakan, ya aika wa wani ɗan ƙaramin injin lantarki da ke tura allura.

Bambancin da wannan yake haifarwa ba ƙarami ba ne. Hukumar COSC ta Suwizalan, wadda ke ba agogo mai sifirin shaidar cewa ya kai matsayin kuronomita, wato agogon da aka tabbatar da daidaiton lokacinsa, tana yarda ya yi jinkirin sakan 4 ko gaggawar sakan 6 a rana. Idan ka lissafa, agogon da ya ci wannan jarrabawa, wanda kuma aka biya kuɗi mai yawa saboda ita, zai iya wuce lokaci da minti uku a wata ba tare da an ce ya yi laifi ba. Agogon kwats na gama-gari kuwa, irin naka, alkawarinsa sakan 15 ne a wata, kuma da yawa suna yin abin da ya fi haka idan ana ɗaura su kullum, domin ɗumin jiki yana riƙe dutsen kusa da zafin da aka yanka shi dominsa. A can sama akwai injin 9F na Grand Seiko, wanda ya fito a 1993 da alkawarin sakan 10 a shekara, da kuma Caliber 0100 na Citizen na 2019 mai sakan ɗaya a shekara. Idan aikin agogo shi ne faɗin lokaci, an gama wannan gardama tun kafin a haifi yawancin masu yin ta.

To, daga ina raini ya fito? A ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko ya fitar da Astron a Tokyo, agogon hannu na kwats na farko da aka sa a kasuwa, da gidan zinariya, a kan yen 450,000, kuɗin da a lokacin zai sayi ƙaramar mota. Su ma Suwizawa ba barci suke yi ba, domin kamfanoninsu kusan ashirin, ciki har da Omega da Rolex da Patek Philippe, sun haɗa kai a wata cibiyar bincike a Neuchâtel suka fitar da injin Beta 21 a 1970. Wato a farkonsa kwats kayan manya ne, abin alfahari, har Rolex ya yi nasa mai suna Oysterquartz daga 1977 ya ci gaba da yin sa fiye da shekara ashirin. Abin da ya faru shi ne farashin ya yi ta faɗuwa shekara bayan shekara, Japan da Hong Kong suka cika duniya da agogo mai araha wanda ya fi mai tsada riƙe lokaci, masana'antar Suwizalan ta durƙushe. Ma'aikatanta, waɗanda suka kai kimanin 90,000 a 1970, sun koma kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, ɗaruruwan kamfanoni suka rufe.

Farfaɗowarsu ta bi hanya biyu, kuma ta biyun ce ta shafe ka. Ta farko ita ce Swatch, agogon roba mai batir da ya fito a 1983, lokacin da aka haɗe manyan rukunan kamfanoni biyu da bashi ya danne, aikin da Nicolas Hayek ya jagoranta. Abin dariya a nan shi ne kuɗin agogon batir ne ya taimaka wajen tallafe masu sifirin. Ta biyu ita ce sauya ma'anar agogo gaba ɗaya. Tunda ba za su iya cewa nasu ya fi daidai ba, sai suka ce nasu gado ne, fasaha ce, aikin hannu ne. Jean-Claude Biver, wanda ya farfaɗo da sunan Blancpain a farkon shekarun 1980, ya gina tallarsa a kan cewa tun 1735 kamfanin bai taɓa yin agogon kwats ba kuma ba zai taɓa yi ba. Tallar ta ci, sauran suka bi sahu, har maganar ta zama kamar gaskiyar da aka gada. Lokacin da abokinka ya ce agogonka ba shi da rai, wani ɓangare na abin da yake faɗa daga wannan talla ya gangaro, ko da bai sani ba.

Amma kada in zalunci abokanka, domin ɗaya ɓangaren na maganarsu gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa sa tabarau mai ƙara girma ya leƙa cikin agogo mai sifirin yana aiki, ya ga ɗan siririn gashin ƙarfen nan yana buɗewa yana rufewa kamar mai numfashi, ya san akwai abin mamaki a wurin. Ƙarfe ne zalla da 'yan duwatsu, babu waya babu batir, kuma idan an kula da shi zai wuce mai shi ya kai ga jika, kamar yadda na mahaifinka ya iso gare ka. Ni kaina wannan ne ya ja ni cikin sana'ar, kuma har yau idan na gaji da komai, tsohon inji nake warwarewa in wanke in mayar. Sai dai jin daɗin kallon inji daban, jin daɗin ɗaura agogo daga asuba zuwa dare daban, kuma kuskuren masu tarawa da yawa shi ne ɗaukar cewa agogo ɗaya dole ya ba su duka biyun.

A kan agogon nutso musamman, hujjar masu raina batir ta fi rauni, saboda wannan nau'i tun asalinsa kayan aiki ne da rai ya rataya a kai. A 1953 Blancpain ya yi Fifty Fathoms tare da sojojin ruwan Faransa masu nutso, ƙarƙashin Robert Maloubier da Claude Riffaud, a daidai lokacin da Rolex yake fitar da Submariner. Mai nutso a wancan zamani ba shi da abin da zai gaya masa tsawon zamansa a ƙarƙashin ruwa sai agogo, kuma idan ya wuce ƙa'ida, ko iskarsa ta ƙare ko iskar naitirojin ta taru a jikinsa ta illata shi wajen fitowa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ruwansa da kyan inji, abin da yake so kada agogon ya tsaya, kada ya yi ƙarya, kada bugu ɗaya a jikin jirgi ya rikita shi. Da kwats ya samu, masu wannan aiki ba su yi wata-wata ba.

Labarin Seiko ya isa misali. A 1968 wani ƙwararren mai nutso daga yankin Hiroshima ya rubuta wa kamfanin cewa agogunansu ba sa jure aikin zurfi, inda ake zama kwanaki a cikin ɗaki mai matsi ana shaƙar iska mai hiliyom. Wannan iska tana kutsawa cikin agogo, idan aka zo rage matsi sai ta tunkuɗo gilashin waje. Injiniyoyinsu, ciki har da Ikuo Tokunaga, suka shafe shekara bakwai, a 1975 suka fitar da agogo mai jure mita 600, da gidan taitaniyom da wata garkuwa a kewaye, wanda masu sha'awa suka laƙaba wa Tuna saboda kamarsa da gwangwanin kifi. Shekara uku bayan haka, a 1978, suka sa masa injin kwats, a 1986 kuma suka kai shi mita 1,000 da injin 7C46, mai ƙananan duwatsu bakwai na rage gogayya, mai ƙarfin juya manyan allurai, wanda batirinsa kan yi shekara biyar, kuma ana warware shi a wanke a sa mai kamar kowane inji mai sifirin. Sojojin ruwan Birtaniya ma, bayan sun bar Rolex sun koma agogon kamfanin CWC a 1980, cikin 'yan shekaru suka karɓi na batir. Shi kansa Citizen ɗinka yana da nasa tarihin, domin Aqualand da ya fitar a 1985 shi ne ya shigo da na'urar auna zurfi ta lantarki a jikin agogon nutso. A yau masu nutso da 'yar kwamfutar hannu suke aiki, agogo ya zama na ko-ta-kwana, amma ko a wannan matsayi mai batir ko mai sola suka fi ɗauka.

Duba fuskar agogonka, za ka ga an rubuta Diver's 200m. Wannan kalma tana da nauyi, domin tana nufin kamfanin ya yi shi bisa ƙa'idar ISO 6425, wadda ta bambanta da rubutun jure ruwa da ake yi wa kowane agogo. Ƙa'idar ta ce dole ya jure aƙalla mita 100, kuma a gwada shi da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari, wato naka an matsa shi kamar yana mita 250. Dole a iya karanta shi a cikin duhu daga nisan santimita 25, dole a sami alamar da ke nuna yana tafiya ko a duhun, shi ya sa ake ɗiga abu mai haske a allurar sakan, dole ya jure bugu da ruwan gishiri da mayen ƙarfe, kuma idan mai batir ne dole ya yi gargaɗi kafin ƙarfinsa ya ƙare. Zoben nan mai lambobi da ke kewaye da gilashi an yi shi yana juyawa gefe ɗaya ne da gangan, ta yadda idan ya bugu da wani abu ya goce, zai nuna wa mai nutso cewa ya daɗe fiye da yadda ya daɗe, ya fito da wuri. Ka tuna cewa masu nutso na nishaɗi ba sa wuce mita 40, masu koyo ma a mita 18 ake tsayar da su.

Na san ba teku kake shiga ba, kuma yawancin masu ɗaura irin wannan agogo a duniya haka suke. Sai dai abin da aka gina don ƙarƙashin teku, rayuwar tudu wasa ce a wurinsa, kuma a ganina nan ne asirin wata takwas ɗinka yake. Mutumin da ke alwala sau biyar a rana yana kai agogonsa bakin ruwa fiye da yadda masu ƙera agogon ado suka yi tsammani, ga zufar bazara, ga ruwan damina da kan kama mutum a kan babur, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Mai agogon gado ko mai tsada kullum yana cikin lissafi, ya cire, ya ajiye, ya goge, ya duba ko ya tsaya tunda bai ɗaura shi jiya da shekaranjiya ba, ya saita lokaci da kwanan wata kafin ya fita. Naka kuwa ka ɗauka ka ɗaura ka tafi. Ga zoben nan da mutum kan raina sai ya saba da shi, ya riƙa auna mintin da ya rage kafin taro, ko lokacin da aka kunna janareta, ko tsawon da shinkafa ta yi a wuta. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yanzu ga aibobinsa, domin yana da su, kuma gara ka ji daga bakina. Na farko, wanda ya fi ci wa masu tarawa tuwo a ƙwarya, shi ne allurar sakan da ba ta sauka daidai kan alamomi. Wannan yana faruwa ne saboda ɗan sararin da ke tsakanin haƙoran giya da kuma yadda aka dasa allurar a masana'anta, ba alamar lalacewa ba ce, kuma injuna ƙalilan ne irin 9F aka yi wa dabarar hana shi. Na biyu, injunan kwats masu araha da yawa na roba ne, ba a yi su don a gyara ba, idan sun mutu sai a cire a sa sabo. Wannan ba damuwa ba ne muddin ana ƙera injin, amma ranar da aka daina, sakit ko koyil, wato naɗin siririyar wayar da ke ciki, da ya ƙone ba abu ne da maƙeri zai sassaƙa da hannu ba, alhali giyar agogon 1950 ana iya yanka mata sabuwa. Na uku, idan ka zo sayarwa, mai batir ba ya riƙe daraja kamar takwaransa mai sifirin, in ban da 'yan tsirarun da masu tarawa ke nema. Idan jari kake nema ba nan ne wurinsa ba, kodayake in faɗa maka gaskiya, yawancin masu sifirin ma asara ake sayar da su, labarin ribar wasu 'yan samfura na Rolex da Patek Philippe ne yake rufe wa mutane ido.

Batun kulawa, naka ya zo da sauƙi ɗaya babba. A ƙarƙashin fuskarsa akwai farantin sola da ke cajin wani ɗan batir mai karɓar caji, kuma idan ya cika, irin injin da ake sa wa wannan samfuri yakan yi wata shida a duhu yana tafiya. Abin da ke kashe irin wannan batir shi ne a bar shi ya ƙare ƙaf ya daɗe a haka, don haka kada ka jefa shi cikin durowa ka manta. Idan kana yawan sa riga mai dogon hannu, wadda ke rufe shi yini guda, ka riƙa ajiye shi kusa da taga, fuskarsa na kallon haske, na 'yan awoyi sau ɗaya ko biyu a wata. Amma kada ka bar shi a gaban gilashin mota da rana tsaka, ko ka manna shi da ƙwan fitila mai zafi, domin zafin da ya kai digiri 60 yana cutar da batirin da robobin. Ranar da ka ga allurar sakan tana tsalle bibbiyu, ba lalacewa ya yi ba, yunwar haske yake ji. Kuma ko da wasa kada ka yarda wani ya sa masa batir na gama-gari, domin farantin zai yi ta tura masa caji alhali ba a yi shi don haka ba, yana iya fashewa ya lalata injin.

Ruwa kuwa, abin da ke hana shi shiga ba ƙarfen ba ne, wasu siraran zobban roba ne a murfin baya da mamurɗi da bakin gilashi, kuma roba tana tsufa ko an yi amfani da agogon ko ba a yi ba. Ka tabbata mamurɗin nan na gefe a ɗaure yake kafin ka taɓa ruwa, ka ɗaure shi da yatsa har ya tsaya ba tare da ka yi masa ƙarfi ba, kuma kada ka kwance shi agogon yana jiƙe. Idan kana iyo da shi, a gwada matsinsa duk shekara ɗaya ko biyu a wurin mai na'urar gwaji, in kuwa alwala ce da ruwan sama kawai, za ka iya jinkirtawa. A nan ne mai sola ya fi mai batir na gama-gari, tunda ba a buɗe bayansa duk shekara uku. Ni wannan darasi da tsada na saye shi. Ina yaro a sana'ar, a kan hanyar tafiya, na ba wani mai tebur a bakin tasha agogona na nutso ya canza batir, ya danne robar a karkace ya sa mini batirin alkalin mai araha maimakon na azurfa. Bayan mako biyu na ga hazo a cikin gilashi, kafin in buɗe tsatsa ta kama koyil. Duk wanda zai buɗe maka agogo, ka tsaya ka ga ya duba robar, ya shafa mata man silikon, ya kuma kama batir da abin da ba ƙarfe ba.

Saura ƙananan abubuwa. Turare, musamman mai maiƙo, da sabulu da ruwan zafi suna cin maɗaurin roba da zobban ciki, don haka ka fesa turarenka ya bushe kafin ka ɗaura, kuma ka cire shi idan za ka yi wanka da ruwan zafi. Idan zoben ya fara tauri saboda ƙura, ka wanke shi a ƙarƙashin famfo kana juya shi, da tsohon buroshin haƙori mai laushi, kada ka ɗiga masa mai. Maɗaurin da ya fara tsagewa a canza shi tun kafin ya yar maka da agogon, tare da 'yan sandunan da ke riƙe shi.

Maganar sayar da sauran, shawarata kada ka yi gaggawa, amma kuma kada ka riƙe su don kunyar abokai. Na mahaifinka ba ya cikin lissafi, wannan a kai shi a wanke a sa masa mai, ka riƙa ɗaura shi ranar Juma'a ko ranar Salla, ka kuma nisanta shi da ruwa ko da an rubuta yana jurewa, domin robar da ta shekara talatin ba abin dogaro ba ce. Sauran bakwai ɗin, ka rufe akwatin ka ba shi wata uku ko huɗu, duk wanda ka ji kewarsa har ka tashi ka ɗauko, ya ci zamansa. Wanda kuwa ka manta da shi, ka tuna cewa ajiyarsa ma kuɗi ce: mai yana bushewa, kuma kowane mai sifirin yana neman wanki duk shekara biyar zuwa goma, wanda a agogo mai matsakaicin farashi yakan kusa kai rabin kuɗinsa. Agogo bakwai da ba a ɗaurawa bashi bakwai ne da ke jiran ranar biya. Idan ka tashi sayarwa, ka haɗa da kwalinsa da takardunsa da ragowar sarƙar da aka rage, ka faɗi aibinsa tun kafin a tambaye ka, kuma kada ka kai shi a goge masa ƙarfe don ya yi ƙyalli, masu saye na gaske sun fi son tabon asali a kan gefen da injin guga ya cinye.

In kuma sha'awar tarawar ba ta mutu ba, ta dai sauya hanya ce, to a cikin agogunan nutso masu batir ma akwai fili. Casio MDV-106, wanda ake kira Duro, mai hoton kifi a fuska, yana jure mita 200 da mamurɗi mai ɗaurewa a kan kuɗin da bai kai dala 100 ba, har an sha ganin sa a hannun Bill Gates, sai dai ka lura ba a rubuta masa Diver's ba. Tsohon Seiko 7548 na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 injinsa na ƙarfe ne mai gyaruwa, amma kafin ka biya a buɗe a duba ko tsohon batir ya taɓa zuba a ciki, farin gari ko kore a mazaunin batir shi ne alamar. Tuna kuwa ka gwada shi a hannu tukuna, domin faɗinsa ya kusa milimita 48, kuma ba ya shiga ƙarƙashin hannun kaftani mai maɓalli. Ko wanne za ka saya, jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma jabun agogon nutso ya fi kowane jabu muni tunda alkawarin jure ruwan ne ƙaryar. Ka duba lambar da ke murfin baya ta dace da samfurin, ka juya zoben ka ji yana ƙas-ƙas a tsare ba ya komawa baya, ka haska fuskar da tocila ka shiga duhu ka ga ko hasken zai jima, sannan ka nemi katin garanti mai hatimin dillali da kwanan wata.